Kujerar Zaidun da Finjalin Gahawa

Masu yi min addu'a da masu zagina a wurin sharhi, duk na gaishe ku. Baiwar Allahn nan da ta rubuta wai dutse ne a ƙirjina, ki gyara zama, yau ma na kawo miki abin faɗa. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Maisun, 'yar Madaba, ɗiyar mai ƙungiyar tseren motoci. Babana bai haifi namiji ba, kuma ya ƙi aron sunan ɗan da babu shi kamar yadda wasu ke yi, shi ya sa duk garin nan Abu Maisun ake ce masa. In kun ce ina da ji da kai ban musa ba, a gida na same shi.

Aikina a ƙungiyar shi ne karanta hanya. Direba na riƙe da sitiyari, ni ina gefensa a ɗaure da bel, hular kwano a kaina, ina faɗa masa abin da ke gaba tun idonsa bai gani ba. A duwatsun da ke gangarawa Mataccen Teku akwai tuddan da in mota ta hau, ba abin da kake gani sai sama. In na ce "taka", direba zai danne totur har ƙasa ya tsallake tudun bai san me ke bayansa ba, don kawai ya yarda da bakina. Duk wanda ya ɗaga ƙafa a irin wurin nan an wuce shi.

Direbanmu shi ne Zaidun, mutumin Karak, dogo, mai cikar gira, wanda sai ka yi da gaske kake jin kalma biyar a jere daga bakinsa. Bara ba mai ganin ko bayan motarsa. Bana kuwa, tun ranar da ya tare ni a ƙofar gareji yana ta murza makulli a hannu ya ce yana sona da aure, bawan Allahn nan ya koma tuƙi kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Tseren da ya wuce ne ya ƙure ni. Mun tunkari wani tudu da na sani sarai, na ce, "Tudu, bayansa a miƙe, taka!" Sai na ji kukan injin ya sauka.

"Zaidun, taka na ce!"

"Na ji."

"Kunnen ne ya ji, ƙafar kurma ce?"

Muka ƙare a bayan yaran da bara suke layin ɗaukar hoto da shi. Da muka tsaya na fizge hular kwanon, ɗankwalina sharkaf da gumi, na ce ya faɗa min tsakaninsa da Allah, karatuna ne ya daina yarda da shi?

"Karatunki ba ya kuskure," ya ce, idonsa na kan sitiyari. "Da can in na hau tudu hanya nake tunani. Yanzu sai in ga ana ciro ki daga cikin motar."

Na san wasunku har sun narke, ana ta "wayyo soyayya". Ni wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa hular. Shekaru na yi ina koyon aikin nan maza na min dariya, na yi amai a mota, na yi kuka a bayan gareji, har aka dawo ana nemana. Yanzu kuma wanda nake so ne zai mai da ni kayan fashewa? Ban shiga motar nan don a tausaya min ba.

Da yamma a gareji Yaba, wato babana, ya tsaya yana goge baƙin mai a hannunsa da tsumma, bai ko kalle ni ba.

"Ina ƙaunar yaron nan, Allah shaida ne. Amma makanikai suna ƙarƙashin motar nan bayansu na ciwo, shi kuma yana shan iska da ita. Abu Ƙusai ya sake kirana."

Ƙusai ɗan mai kamfanin tayoyin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyarmu ne. Yaro ne mai yawan man gashi da turare, amma kada in zalunce shi, yana da ƙafa. Kujerar Zaidun yake so, kuma Yaba ya ce kafin tsere na gaba zai yanke hukunci. Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne dangin Zaidun suka aiko cewa ranar Asabar za su kawo jaha, tawagar dattawan neman aure.

Ranar tun da safe gidanmu ya kacame. An kafa babbar rumfa a tsakar fili, an jera kujeru, an ɗaura lasifika a jikin itacen zaitun. Kicin ya cika da matan dangi, ƙamshin jamid, busasshen nonon da muke miya da shi, da naman rago da soyayyen almon ya kama har labule. Yumma, mahaifiyata, ta ciro min rigar kakata daga ƙasan akwati, baƙa wuluk mai ɗinkin jan zare tun daga ƙirji har ƙasa, da ɗamarar azurfa mai nauyi. Na sa, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli, na tsaya gaban madubi. Ku yi haƙuri, ba yabon kai ba ne, na yi kyau har na ba kaina tsoro.

Amti Fahriyya, yayar babana, ta kama hannuna tana jujjuyawa.

"Dubi hannun amarya don Allah, sai ka ce na bakanike. Ni dai na faɗa na ƙara. Ga Ƙusai, ga gida a Amman, ga uwa mai hankali da ta zo har nan ta sha shayi tana kallonki. Amma a'a, sai ɗan Karak, wanda ko a tsere sai an gama tafi an watse yake isowa."

"Amti, ai ba motar zan aura ba."

"Gara ma motar, ita in an taka tana gudu."

Matan suka kwashe da dariya. Yumma ta ɗago daga kan tukunyar shinkafa ta ce, "Fahriyya, ƙyale min yarinya. Ni ko wa ta aura, in dai zai fitar min da ita daga akwatin ƙarfen nan, na sa masa albarka. Duk ranar tsere ko ruwa ba ya wuce min wuya."

Sai wayata ta yi motsi. Na shige ɗaki na tura ƙofa.

"Mun haye kwarin Mujib," in ji saƙon Zaidun. "Kamar duk Karak aka kwaso. Ammo Abu Mamduh ya sa alkyabbarsa mai bakin zinariya."

"Wa ke tuƙa ka?"

"Ni da kaina."

"To sai gobe ke nan. Bari in ce a sauke tukunya."

Ya turo min fuska mai harara. Can kuma ya rubuto, "Kin yi kyau?"

"Ba ruwanka. Kalli hanya."

Bayan la'asar suka iso, motoci har ƙarshen layinmu. Mu mata muka cunkushe a tagar falon ciki, Amti Fahriyya ta kame gaba ta tokare kowa da gwiwar hannu. Ta saman kafaɗarta na hango rumfar ta cika da jajayen rawuna. Ga Zaidun can gefe cikin baƙar kwat, a takure, kansa a ƙasa. Ga Ammon nasa, wato baffansa Abu Mamduh, a tsakiya, tsoho mai farin gashin baki, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa.

Aka zuba gahawa a finjali aka miƙa wa tsohon. Ya karɓa da hannun dama, ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba, kamar yadda aka saba. Ba zai sha ba sai an biya masa buƙata. In kuwa ya tashi ya bar ta a wurin, to gidanmu ya ci mutuncin danginsu gaba ɗaya, kuma har jikokinmu sai an yi musu gori.

Ya miƙe ya karɓi makirfo. Ya yabi Allah, ya yabi Madaba, ya yabi kakan Yaba da ni ma ban san sunansa ba. Sannan ya ce sun zo neman Maisun ga ɗansu Zaidun bisa sunnar Manzon Allah. Yumma har ta kai hannu baki za ta saki guɗa, sai muka ga tsohon bai zauna ba.

"Kuma tunda za mu zama gida ɗaya," ya ce, muryarsa na amsawa a lasifika, "ba zai yi kyau a ji an sauke surukin Abu Maisun daga motar Abu Maisun an ɗora bare ba. Muna roƙon kujerar ɗanmu ta tabbata a gare shi. Buƙatunmu biyu ne, finjalinmu ɗaya."

Yumma ta sauke hannunta daga baki.

"La'ilaha illallahu!" Amti ta dafe ƙirji. "Tsohon nan ya gama da ƙanena. Ya haɗa amarya da sitiyari ya ɗaure!"

Na kalli Zaidun. Ya ɗago kai a firgice yana kallon baffansa, baki a buɗe. Wallahi bai sani ba, na san fuskarsa. Maganar aure an gama ta tuntuni tsakanin iyaye, tawagar nan girmamawa ce kawai. Amma kujera ba wanda ya yi zancenta. Tsohon don ƙauna ya yi. Shi a ganinsa kujerar motar tsere kamar aikin ofis ce, wanda dattijo ke sa alkyabba ya je ya nemo wa yaronsa, kuma duk rayuwarsa ba a taɓa mai da shi hannu wofi ba.

Yaba ya miƙe a hankali ya ce a ba shi izini ya shiga cikin gida. Muna jin takunsa matan suka dare. Ya wuce kowa ya tsaya gabana a bakin kicin, gumi na bin gefen rawaninsa.

"Yaba," ya ce min, don a wurinmu uba kan mayar wa ɗansa sunan, kuma haka yake kirana in abu ya yi masa nauyi. "Ni a bakin layi nake tsayawa da agogo. Ke ce a cikin motar. Ba zan tambayi kowa ba sai ke. Yaron nan ya cancanci kujerar nan ko bai cancanta ba?"

Yumma ta damƙe min hannu. "Ce eh, ki rufa mana asiri! Gahawa na hucewa!"

Abin mamaki har Amti Fahriyya, mai goyon bayan Ƙusai, cewa take, "Ce eh, 'yar nan, daga baya a san yadda za a yi. Mutunci ake magana yanzu."

Jama'a, kada wanda ya ce min abu ne mai sauƙi. Eh ɗin nan tana bakina, ina jin ɗanɗanonta. In na faɗe ta, na samu miji, ya samu mota, kowa ya ci mansaf, shinkafar bikinmu da naman rago, ya tafi gida. Amma na san garejin garin nan. Kafin gari ya waye za a sa masa suna direban gahawa. Ko ya ci tsere goma a jere, cewa za a yi albarkacin mata ne. Makanikan da ke miƙewa in ya shigo za su daina. Ni kaina, duk ranar da na zauna gefensa zan san ƙarya na yi wa ubana ranar da ya tsallake maza cike da rumfa ya zo ya tambaye ni.

Na ce, "Zaidun na bara ya cancanta, Yaba. Ba a haifi wanda ya fi shi a duwatsun nan ba. Na bana bai cancanta ba. Ɗaga ƙafa yake yi."

Yumma ta saki hannuna ta zauna daɓas a kan buhun shinkafa.

"Kin san abin da kike jawo wa kanki?" Yaba ya ce. "Tsohon nan zai iya tashi ya bar finjalin, kuma aurenki na ciki."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya sumbaci goshina ya juya ya fita.

Da ya karɓi makirfo muryarsa ko rawa ba ta yi. "Abu Mamduh, zuwanku girma ne a gare mu, ƙafafunku a kan kawunanmu. 'Yata na ba ɗanku, kuma da shi kaɗai ya zo a ƙasa ma zan ba shi. Amma kujerar mota ba tawa ba ce balle in zuba ta a finjali. Agogo ke bayar da ita, agogo ke karɓewa."

Fuskar tsohon ta canza. "Abu Maisun, na tsufa ban taɓa shan rabin finjali ba."

Ya fara tattara alkyabbarsa. Na ji ƙarar kujeru, mutanen Karak na miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙanwar Yumma ta fara kuka a bayana. Ni kuwa na ƙame, ina cewa a raina shi ke nan Maisun, bakinki ya cinye ki.

Sai Zaidun ya tashi. Kun san ango a wurin nan ɗan kallo ne, ko tari in ya taso masa haɗiyewa yake. Amma ya ratsa tsakiyar rumfar ya durƙusa gaban baffansa, ya kama hannunsa ya sumbata ya ɗora a goshi. Makirfon na kan tebur kusa da su, don haka har kicin muka ji komai.

"Ammo, ka yafe min, na yi magana a gaban manya. Na san don ni ka yi. Amma kujerar da aka roƙo min ba zan iya zama a kanta ba. Abu Maisun gaskiya ya faɗa, bana ban yi tuƙin da ya kai ta ba, kowa a nan ya sani, kunya ce ta hana su faɗa. Ka cire ta daga finjalin nan. Da ƙafata na same ta, in da rabon in riƙe ta, da ƙafata zan riƙe. Ka sha saboda Maisun."

Mutumin da ba ya haɗa kalma biyar! Ni kaina ban san yana da wannan maganar a ciki ba.

Tsohon ya tsaya da alkyabba a hannu yana kallonsa. "Ka san abincinka kake zubarwa, yaro?"

"Na sani, Ammo."

"Taurin kan ubanka sak, Allah ya jiƙansa." Ya ja numfashi, ya waiga ya yi wa mutanensa alama su zauna. Ya ɗauki finjalin ya leƙa ciki ya yamutsa fuska. "Ta huce."

Yaba bai bari kowa ya taɓa butar ba. Da hannunsa ya zuba sabuwa tana turiri ya miƙa. Tsohon ya shanye, ya girgiza finjalin alamar ya isa, aka ɗaga hannu ana Fatiha. Guɗar da Yumma ta saki na tabbata an ji ta a Karak. Amti Fahriyya na share hawaye da bakin mayafi tana cewa, "Kai, ashe yaron nan namiji ne. Ni dama tun farko na faɗa."

Na tsaya a tagar nan kwallina duk ya dame, ina kuka ina dariya. Na taɓa ganin Zaidun a kan dandamali riƙe da kofi ana fesa masa lemo, jama'a na kiran sunansa. Ban yi alfahari da shi a ranar ba ko rabin yadda na yi da na gan shi durƙushe ya saki kujerarsa da hannunsa a gaban danginsa. Wannan shi ne mijina, ku faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Bayan an ci mansaf an raba kunafa, kayan zaƙin bayan abinci, baƙi sun fara watsewa, Yaba ya shigo da faranti a hannu ya zauna kusa da ni.

"Ranar Juma'a akwai gwaji," ya ce yana cin kunafarsa hankali kwance. "Zaidun da Ƙusai. Mota ɗaya, hanya ɗaya. Wanda agogo ya zaɓa shi ke da kujera, ba ɗaukaka ƙara."

"Wa zai karanta musu hanya?"

Ya kalle ni ta saman gilashinsa. "Mai karanta hanya nawa gare ni?"

Yumma ta ɗora hannu a ka. "Sau biyu? A rana ɗaya? Mutumin nan kashe ni kake son yi!"

Ni ban ma ji sauran faɗan nasu ba. Wato ni zan zauna gefen Ƙusai in nuna masa inda zai taka, in ba shi duk abin da na sani game da tuddan nan, don ya karɓe kujerar mutumin da aka ba ni ɗazu-ɗazun nan. Na shige ɗaki da rigar kakata a jikina, sai ga saƙon Zaidun, ko fita daga Madaba ba su yi ba.

"Babanki ya faɗa min. Abu ɗaya nake roƙo. Ki karanta wa Ƙusai kamar yadda kike karanta min. Kada ki jinkirta masa ko kalma ɗaya saboda ni."

"Raina ni ka yi? Zan karanta masa har sai ya tashi sama."

Na tura, sai kuma zuciyata ta karye. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. "Zaidun, in ya fi ka, ni ce na taimaka masa ya fi ka. Za ka iya aurena bayan haka?"

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na riƙe wayar da hannu biyu.

"In ba ki yi hakan ba ne ba zan iya ba."

Na ajiye wayar. Na kwance ɗamarar azurfa, na cire rigar kakata na ninke ta da kyau na mayar akwati. Sannan na nemo lambar Ƙusai na kira shi na ce gobe da safe ya same ni a gareji mu je ya ga hanya, kuma kada ya kuskura ya makara.